Irin tumatir ɗina yana kwanciya bayan ya tsiro, taki zan ƙara masa?

Malam kar ka ƙara taki tukuna, don Allah. Ka ce kwana goma da tsirowa ƙasan karan yana yin siriri ya yi baƙi-baƙi sai shukar ta kife, to wannan ba yunwa ba ce, ruwa ne ya yi yawa. Ƙasa in ta daɗe jiƙe sharkaf ba iska, naman gwari, wato wata ƙwayar cutar shuka, ke kama gindin ya ruɓar da shi, kuma wanda ya riga ya kwanta ba ya tashi, cire shi kawai kar ya shafi sauran.

Duba gindin robar ko ledar da ka yi yafin a ciki, in babu huji ka huda. Ban ruwa da safe kaɗan-kaɗan, sai ka tura yatsa ka ji saman ƙasar ya fara bushewa sannan ka sake, kuma ka fito da su inda za su sami ranar safe, don a inuwa tsayi kawai suke yi ba ƙarfi.

Taki kuwa sai ganyen gaskiya guda biyu sun fito, wato waɗanda ke fitowa bayan ganye biyun farko na tsiro. Kashin kaji ɗanye ƙona su zai yi, sai wanda ya ruɓe sosai. In takin zamani NPK 15:15:15 ne, ɗan kaɗan ka narka a ruwa mai yawa ka zuba gefe, kar ya taɓa ganye. Sati 3 zuwa 4 da tsirowa ka yi dashe, da yamma. Allah ya ba da sa'a.