Musaya da ciko ko sayarwa da kai: amsa ga yaron shago kan motar fowil

Ɗana, ka tambaye ni abu biyu a haɗe. Na farko, mutumin da ya kawo Hilux ɗinsa yana son Prado, wanne ya fi masa: ya bar mana tasa ya yi ciko, ko ya je ya sayar da kansa ya dawo da kuɗi a hannu? Na biyu, wanda na ga ya fi damun ka, me ya sa muke taya mota ƙasa da abin da kowa ya san za ta yi a kasuwa, ko hakan ba cuta ba ce? Na ji daɗin tambayar, domin wanda bai iya amsa ta ba bai kamata a bar masa shago ba.

Mu fara da lissafi. Kuɗin da zan ambata misali ne kawai, tunda farashin mota yana bin dala. Mu ce Hilux ɗin za ta yi naira miliyan 20 in ta samu mai so. Mu muka taya miliyan 17. Ina miliyan ukun ta tafi? Miliyan ɗaya gyara ne: tayoyi, shokazoba, bushin, man giya, ɗan aikin bodi. Rabin miliyan la'adar dillalai ce da hidimar ajiya, domin motar da ke tsaye tana cin batir, tana cin wanki, tana cin fili. Sauran miliyan ɗaya da rabi ita ce riba, kuma a cikinta ake biyan kasada: motar ta yi kwantai wata uku, ko wani aibi ya fito bayan mai ita ya tafi. In shi ya sayar da kansa, zai sa 20, a taya 18, ya ce albarka, a daidaita a 19. Ya cire dubu 400 na dillalin da ya kawo mai saye, ya cire dubu 500 na gyaran da ba makawa, ya tashi da miliyan 18 da dubu 100. To ka ga bambancin gaskiya bai kai miliyan uku ba, miliyan ɗaya ne da ɗoriya, kuma shi ne ladan jiransa da wahalarsa. In a cikin wata biyun da ya yi yana jira naira ta faɗi, Pradon da yake so ta ƙara kuɗi, ladan ya tafi a iska. Ba cuta ba ce muddin ka shimfiɗa masa wannan lissafin ya gani. Cuta ita ce ka ƙirƙiro wa motarsa laifin da ba ta da shi don ka karya ta.

Abin da za ka koya wa duk mai son musaya shi ne ya kalli ciko, ya daina kallon kuɗin da aka yi wa motarsa. Wani shago zai ce masa tasa miliyan 19 ce, ya ji daɗi, amma an sa wa Prado 32, ciko 13. Wani ya ce tasa 17, Prado 29, ciko 12. Na biyun ya fi sauƙi da miliyan guda, duk da ya ji kamar an raina motarsa. Saboda haka ya fara cinikin motar da yake so kamar mai kuɗi hannu, a tsayar da farashinta, sannan ya fito da maganar musaya.

Yanzu ga inda motar fowil, wato mai iya ja da tayoyi huɗu, ta bambanta da ƙaramar mota, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Kuɗinta yana ƙarƙashinta. Fenti da kujeru kowa yana gani. Abin da ke raba motar miliyan 20 da ta miliyan 15 yana can inda sai ka shimfiɗa kwali ka kwanta da fitila a hannu.

Ka fara da ƙirga furofela, wato dogon ƙarfen nan mai juyawa a ƙasan mota da ke kai ƙarfin injin ga tayoyi. Biyu ne: ɗaya ta tashi daga akwatin fowil, wato transfa da ke manne a bayan giyabos, zuwa aksil na baya, ɗaya zuwa na gaba. Sau da yawa za ka tarar an kwance ta gaban. Mai mota zai ce don rage shan mai ne. Wani lokacin gaskiya yake faɗa, amma galibi wani abu ne ya lalace a transfa ko a aksil na gaba aka ɓoye shi da haka. Motar da ba ta da furofelar gaba ba a yi mata kuɗin fowil sai an mayar an gwada. A Hilux za ta yi ta tafiya lafiya ba tare da ita ba, domin in giyar fowil tana kan H2, wato ta tafiyar yau da kullum, tayoyin baya kaɗai ke ja. Amma Prado da manyan Land Cruiser irin su 100 da 200 kullum tayoyi huɗu ke ja, don haka in an cire ta sai an kulle difaren tsakiya, wato abin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, kafin motar ta tafi daidai. In ka ga fitilar makullin tsakiya tana kunne ba ta mutuwa, leƙa ƙasa. Fitilar injin kuma: in ka murɗa makulli ba ta kama tare da 'yan uwanta ba, wataƙila an cire ƙwan ne ko an toshe shi.

Ka kama kowace furofela da hannu ka jijjiga. In kuros ɗinta, wato gaɓar da ke bakinta, yana da wasa, za ka ji ƙwal lokacin tashi ko lokacin sa ribas. Wannan ƙaramin gyara ne, kuma rashin giris ke kawo shi. Duba robobin da ke rufe shaf na tayoyin gaba. In ɗaya ta yage, giris ya fantsama a jikin taya, yashi ya riga ya shiga, kuma za ka ji ƙas-ƙas-ƙas in ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali.

Sai mai. Buɗe noti na zuba mai a transfa da aksil biyun, ka sa ɗan yatsa. Ya kamata man ya kai bakin ramin. In ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, wato motar ta sha ƙetare rafi da damina: aksil yana da zafi, ya faɗa ruwan sanyi, ya zuƙo ruwa ta ƙofar numfashinsa ko ta sil. In kana ganin ƙyalli a man kamar garin ƙarfe, haƙora ko boris na cin kansu. Notin zubar da mai yana da maganaɗisu: baƙin laushi kamar kwalli ba komai ba ne, amma gutsattsari masu kaifi magana ce babba. A kan hanya kuma, kukan da ke tashi tsakanin gudun 60 da 80, ya canza murya in ka ɗaga ƙafa daga totur, daga aksil yake.

Gwajin fowil a kan burji ko yashi ake yin sa. Kana tafiya a hankali, sitiyari a miƙe, ka sa H4, wato fowil na gudu. Fitilar ta ɗan yi ƙyafce sannan ta tsaya. In ta ci gaba da ƙyafce, bai shiga ba. A sababbin motoci masu maɓalli, ƙaramin injin lantarkin da ke tura giyar ne yakan maƙale, kuma abin mamaki rashin amfani ne ke kashe shi: motar da ta shekara biyu a cikin gari ba a taɓa sa mata fowil ba ta fi shiga wannan matsala. Sannan ka tsaya cak, ka sa giya a firi, ka sa L4, wato fowil mai ƙarfi na tafiya a hankali. Motar ta riƙa rarrafe injin yana ɗaga murya. A cikin yashi ka sa wani ya tsaya gefe ya ga ko tayoyin gaba suna watsa ƙasa. Kada ka yarda kai ko mai saye ku yi ta yawo da Hilux a H4 a kan kwalta. Ba ta da difaren tsakiya, tayoyin gaba da na baya suna ɗaure da juna, a kwana sai ƙarafan su murɗe, kuma wannan ne ke kashe transfa. Dalili ɗaya ne ya sa tayoyi huɗun dole su zama girma ɗaya, cinsu ya yi kusa da juna. Karanta shekarunsu a jiki: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, misali 2321, mako na 23 ke nan na shekarar 2021.

Casis kuwa, bi shi da fitila daga gaba har baya. Walda inda kamfani bai yi ba, ko lanƙwasa, alamar hatsari ne ko lodin da ya fi ƙarfinta. Tsatsa mai ɓarewa takan zo da motocin Kanada da arewacin Amurka, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. In an shafe ƙasan da sabon baƙin fenti mai kauri, ƙwanƙwasa da guduma ka ji sautin.

Injin ka san shi, ba zan daɗe ba. Tayar da shi da sanyi, kada ka yarda da wanda aka ɗumama kafin ka zo. Na fetur mai lita 2.7, wato 2TR, sarƙar taimin gare shi. Na dizil irin 2KD da 1KD bel ne, ana canza shi a kilomita 150,000, don haka tambayi yaushe aka yi. Kada ka dogara da mita, ana mayar da ita baya. Kalli cin fedar birki da sitiyari da gefen kujerar direba. Ka kuma duba salansa ko indomin, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, yana nan.

In ka gama wannan duba, amsar tambayarka ta farko ta fito da kanta. Toyota ce, fowil yana shiga yana fita, casis lafiya, takardu cikakku, mai ita ba ya cikin matsi: gaya masa gaskiya ya sayar da kansa, musamman gab da damina ko lokacin da 'yan kwangila da 'yan siyasa ke neman Hilux. Irin wannan ba ta kwana. Amma in transfa na kuka, ko tana buƙatar aikin da zai kai miliyoyi, ko irin motar da kayan gyaranta ke wahalar samu ce, musaya ta fi masa, domin mu muna da bakanike da hanyar kaya a farashin da shi ba zai samu ba, kuma mun saya ido buɗe. Wanda ya sayar wa maƙwabcinsa irin wannan ya yi shiru, ya sayi rigima, ga kuma alhaki, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Wannan ya hau kanmu mu ma ranar da za mu sayar da ita.

In ya zaɓi sayarwa da kansa, ka ba shi shawara ko da ba mu ci komai ba. Ya gyara ƙananan abubuwa: ƙwan fitila, gas na AC, man giya, giris. Kada ya sake fenti, domin sabon fenti yana sa mai saye zargin hatsari. Kada ya wanke injin ya yi ƙal, za a ce yoyo yake ɓoyewa. Ya haɗu da mai saye da rana, a wurin jama'a, kada ya kai baƙo gidansa. Wurin gwaji ya shiga motar da wani nasa, ainihin takardu su zauna a gida, domin Hilux tana cikin motocin da ɓarayi suka fi so. Kuɗi kuma, saƙon alat ba shaida ba ne, ana yin na bogi. Ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun zauna, ko su tafi banki tare. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, don haka maganar buhun kuɗi ba ta taso ba. Wanda ya ce zai ba da rabi ya tafi da mota, a ce masa kafin alƙalami yana riƙe ciniki ne, ba ya fitar da mota.

Takardu iri ɗaya ake nema a hanyoyin biyu: takardar kwastam, shaidar mallaka, lasisin mota, takardar lafiyar mota ta VIO, inshora, da takardar lamba. Lambar casis da ke jikin ƙarfe ta dace da ta kowace takarda harafi da harafi, kuma ka shafa wurin da yatsa ka ji ko an goge an sake bugawa. Ta kwastam ta fi kowace muhimmanci. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motocin Kwatano ba su daina shigowa ba, wasu da takardar bogi, wasu da harajin da ba a biya cikakke ba. A tantance ta a ofishin kwastam kafin kuɗi su motsa. In an kama motar a hanya, wanda take hannunsa ne ke asara.

Sannan a rubuta yarjejeniya: sunaye, lambar NIN ta mai saye, hotuna, lambar casis da ta injin, farashi, rana da sa'ar da aka miƙa makulli, aibin da aka bayyana, shaidu biyu. A yi canjin suna nan da nan. Motar da ke yawo da sunanka a hannun wanda ba ka sani ba, in aka yi ɓarna da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. A musaya ma haka ne, mu ba shi takardar cewa mun karɓa, kada ya yarda da baki. In akwai na'urar bin sawu a motar, a sauya lambar wayar da ke kanta, a miƙa makulli na biyu.

Gobe da safe kafin mai Hilux ɗin ya iso, kada kowa ya tayar da ita. Ka ɗauki kwali da fitila da sifana, ka rubuta mini abin da ka gani a transfa da aksil biyun, sannan mu fita da ita bayan gari inda yashi yake.