Amsoshin Tambayoyi: Sayen Difenbakiya, Renonta da Yaɗa Irinta a Gidajen Bauchi

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan shuka guda, wato difenbakiya, mai faffaɗan koren ganye da dabbare-dabbaren fari ko ruwan ƙwai a tsakiyarsa, wadda ake yawan gani a falon gidaje da ofisoshi.

Wata Hajiya daga Fadaman Mada ta rubuto cewa ta je wurin masu sayar da furanni a bakin titi, ta tarar da babbar difenbakiya wadda tsawonta ya kai ƙugu, da kuma ƙarama a cikin baƙar leda, kuma kuɗin babbar ya ninka na ƙaramar sau da yawa. Tana tambaya wacce ya fi dacewa ta saya, sannan ta ƙara da cewa tana da jikoki masu rarrafe a gidan.

Hajiya, batun jikokin ya kamata a fara warwarewa kafin a zo kan farashi. Difenbakiya dangin gwaza ce, kuma duk wanda ya taɓa ferar ɗanyen gwaza ya san ƙaiƙayin da yake bari a hannu. Abin da ke haddasa shi wasu ƙananan allurai ne na sinadarin kalsiyam ogzalet da ido ba ya gani, kuma suna nan a ruwan jikin difenbakiya, a ganye da kara baki ɗaya. Idan yaro ya tauna ganyen, bakinsa zai yi raɗaɗi, yawu ya riƙa dalala, harshe da leɓe su kumbura, wani lokaci har magana ta gagara na ɗan lokaci. Galibi abin yana lafawa, amma kumburin da ya kai maƙogwaro ba abin wasa ba ne. Idan hakan ta faru, a cire abin da ya rage a bakin, a kurkure da ruwa mai sanyi, a ba shi madara ko ruwa ya ɗan kurɓa idan yana iya haɗiya, sannan a garzaya asibiti da zarar an ga numfashi ko haɗiya na yi masa wuya. Kyanwa da kare ma haka take yi musu. Saboda haka, idan babu wurin da hannun yaro ba zai kai ba, shawarata ita ce ki dakata har su yi wayo.

Idan kuwa akwai irin wannan wuri, ƙaramar za ki saya. Tana da sauƙin ɗorawa a kan kanta mai tsawo, tana saurin sabawa da sabon wuri, kuma shuka ce mai saurin girma idan ta sami kulawa. Babbar ta riga ta saba da inuwa da danshin lambun da ta taso, musamman idan daga Jos aka kawo ta inda yanayi ya fi namu sanyi, don haka ba abin mamaki ba ne ta fara zubar da ganye makonni kaɗan bayan ta shiga falo. Kafin ki biya kuɗi, ki matsa gindin karan da yatsa: idan ya yi laushi ko yana wari, ruɓa ta riga ta kama shi. Ki juya ganyen ki duba bayansa da kuma lungun da ya haɗu da kara, domin a nan ne wani farin ƙwaro mai lulluɓe da gari-gari yake ɓuya. Ki kuma roƙi mai sayarwa ya ɗan buɗe ledar ki ga saiwa, wadda ya kamata ta kasance fara mai ƙwari, ba baƙa mai narkewa ba. Mai kayan kirki ba zai ƙi wannan ba.

Wani Malam daga Yelwa ya ce tasa difenbakiyar tana tsakar gida, yana ba ta ruwa safe da yamma, amma ganyayen ƙasa suna komawa rawaya, na sama kuma gefensu ya ƙone.

Malam, matsaloli biyu ne suka haɗu, rana da yawan ruwa. Asalin wannan shuka dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne da tsibiran Karebiyan, inda take girma a ƙarƙashin manyan itatuwa, shi ya sa aka fi saninta a matsayin shukar inuwa. Haske take so, ba zafin rana ba. Ranar Bauchi ta watan Maris da Afrilu kuwa ba ta bar wa irin wannan ganye komai. Ka mayar da ita baranda, ko kusa da taga mai labule mara kauri, ka riƙa juya tukunyar lokaci-lokaci don kada ta karkace gefe guda wajen neman haske.

Game da ruwa, kada ka bi agogo, ka bi ƙasar. Ka tura yatsa cikinta kamar santimita 3, idan ka ji danshi ka ƙyale ta, idan ta bushe ka zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunya, sannan ka zubar da wanda ya taru a faranti. Saiwar da ta daɗe cikin caɓi ba ta samun iska, sai ta ruɓe, kuma abin takaici shi ne alamar hakan tana kama da ta ƙishirwa, shi ya sa mutane ke ƙara ruwa suna ƙarasa ta. Tukunya mara huji a ƙasa ba ta da amfani komai kyanta. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba yafiya ga mai sakin hannu da ruwa, domin tana tsotse danshi. Ƙasar shukar kuma a haɗa ta da yashin rafi, da ruɓaɓɓen takin gargajiya, da ɗan buntun shinkafa don ta yi sakwa-sakwa. Shukar ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka a dararen hunturu a shigar da ita ciki, a rage ruwa, a kuma riƙa goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen tsumma. Ganye ɗaya ko biyu na can ƙasa da suka tsufa suka faɗi ba cuta ba ne.

Tambaya ta ƙarshe daga wata malama ce a Wunti, wadda tata ta yi tsawo, karan ya zama tsirara sai ganye a ƙoli kawai. Tana so ta san ko ta jefar ta sayi sabuwa.

Malama, kada ki jefar, domin wannan dogon karan zai iya ba ki tukwane da dama. Ki sa safar hannu ko ki ɗaura leda, ki ɗauki wuƙa mai kaifi da aka wanke, kuma ki kiyaye kada ki kai hannu ido har ki gama. Ki yanke kan mai ganye da tsawon kamar santimita 15, ƙasa kaɗan da gaɓa, ki cire ganyayen ƙasa, ki tsoma shi a kwalbar ruwa, kina sauya ruwan bayan kwana biyu ko uku. Cikin 'yan makonni za ki ga fararen saiwoyi sun ɓullo daga gaɓar, kuma idan sun kai tsawon yatsa sai ki dasa, kada ki bari su daɗe a ruwa.

Sauran karan ki yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kowace ta kai santimita 5 zuwa 10, kuma kowace ta kasance da aƙalla ido ɗaya, wato ɗan ƙullutun da ke saman zoben da tsohon ganye ya bari. Ki bar su a inuwa na yini guda don bakin yankan ya bushe, sannan ki kwantar da su a kan yashi mai danshi, rabi a binne, idon yana kallon sama. Wannan hanya ta fi ta ruwa jinkiri, tana iya cin wata guda zuwa biyu, kuma abin da ya fi kashe gunduwoyin shi ne yawan tono su don a duba. Kututturen da ya rage a tsohuwar tukunya ma ki bar masa gaɓa biyu ko uku, zai yi sabon toho. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki a Bauchi shi ne farkon damina, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin da iska ta yi laima kuma zafi ya ragu. Kada ki sa wa sabon dashe takin zamani sai ya fitar da ganye biyu ko uku, kuma ko a lokacin ɗan kaɗan da aka narkar a ruwa ya isa sau ɗaya a wata.