Tsohuwar masaƙar Saltaire: wurin tsaraba ne ko wurin kallo?

Wasiƙun wannan makon sun haɗu a kan wuri guda, wato Salts Mill, tsohuwar masaƙar ulu da ke ƙauyen Saltaire a gefen Bradford, a yankin Yorkshire na arewacin Ingila, wadda yanzu ta koma shaguna da ɗakunan nuna zane-zane. Na taƙaita wasu daga cikin wasiƙun saboda wuri.

Assalamu alaikum Anti. Muna zaune a Leeds. Hajiyar maigidana ta zo daga Kano ganin jika, saura mako biyu ta koma, kuma ya ba ni fam 300 in haɗa mata tsaraba. Maƙwabciyata ta ce in kai ta Salts Mill, wai masaƙa ce mai shaguna a ciki. Ni a tunanina tunda masaƙa ce za a samu yadi da barguna a farashin kamfani. In tafi da kuɗin can, ko in nemi wani wuri?

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ki kai Hajiya, amma mafi yawan kuɗin tsarabar ki bar su a gida.

Sunan masaƙa ne ya rage wa ginin. An daina saƙa a cikinsa tun 1986, don haka babu wani bandir da ke fitowa daga inji ya faɗo shago a farashin sari. A 1987 wani ɗan kasuwar Bradford, Jonathan Silver, ya sayi ginin yana kango, ya fara da buɗe ɗakin nuna zanen abokinsa David Hockney, wanda shi ma haifaffen Bradford ne. Daga baya shaguna suka biyo. Wannan asalin shi ya tsara irin hajar da ake kasawa har yau: babban shagon littattafai, kayan zane irin su fenti da burushi da takarda mai kauri, tukwane da wuƙaƙe da kujeru na manyan kamfanonin Turai, sarƙoƙi da zobban da aka ƙera da hannu, kayan tarihi na da, kekuna, har da shagon kayan kiɗan Turawan dauri. Kaya ne masu kyau, kuma kuɗinsu ya san suna da kyau. Fam 300 ɗinki tana iya ƙarewa a tukunya ɗaya da fitila ɗaya, alhali Hajiya na da jerin sunaye a kanta, daga facaloli da 'yan uwa zuwa maƙwabta da yaran gida, kowa yana sauraren abin da aka kawo masa daga Turai. Ba a taya kaya a wurin kuma, farashin da ke jiki shi za ki biya.

Tsarabar rabo tana cikin gari. Yadi da gyale da mayafi ki neme su a shagunan 'yan Pakistan da Indiya na Bradford, irin su Bombay Stores da ke Shearbridge Road, ko ki bi Leeds Road ki leƙa shago shago. Takalma da jakunkuna da rigunan sanyi masu suna a farashin ragi kuwa, akwai kasuwar ragi ta York da ta Boundary a garin Colne. Ki tuna da nauyi tun kafin ki biya: yawancin tikitin jirgin sama kilo 23 ne kowace jaka, kuma tukunyar ƙarfe guda tana cinye wurin atamfa da yawa.

To me ya sa na ce ki kai ta? Domin shiga kyauta ne, wurin ajiye mota kyauta ne, kuma abin da za ta gani ya fi abin da za ta saya. Titus Salt ya buɗe masaƙar a ranar 20 ga Satumba 1853, ranar da ya cika shekara 50. Arzikinsa daga gashin alfaka ya samo shi, wata dabba ta tsaunukan Peru, dangin raƙumi ce amma ba ta da tozo. A 1836 ya ci karo da dilolin gashin a wani sito a Liverpool, an rasa mai saye saboda wuyar kaɗi, shi kuwa ya gano yadda za a haɗa shi da zaren auduga a fitar da yadi mai sheƙi. A lokacin da masaƙar ke tashe tana da ma'aikata wajen 3,000 da injin saƙa 1,200, suna fitar da yadi kusan 30,000 a kullum. Idan kika tsaya a tsakiyar shagon littattafan kika dubi tsawon zauren, da ginshiƙan ƙarfe a jere, da manyan tagogin da aka yi domin masaƙa su ga zare, lissafin zai zauna miki.

Kada ku tsaya a cikin ginin kawai. Salt ya baro tsakiyar Bradford ne saboda hayaƙi da cunkoso da annobar kwalara da ta kashe ɗaruruwan mutane a 1849, ya zo bakin kogin Aire ya gina gari sukutum: gidajen dutse sama da 800, da makaranta, da asibiti, da coci, da gidajen tsofaffi, da filin shaƙatawa a tsallaken kogi. Sunansa da sunan kogin aka haɗa aka samu Saltaire. Titunan kuma yawanci sunayen matarsa da 'ya'yansa ne. Ya hana buɗe mashaya a garin, wannan na san zai yi wa Hajiya daɗi. Hukumar UNESCO ta saka ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, amma har gobe mutane ne ke zaune a gidajen, saboda haka a yi hoto daga titi, ban da leƙen taga.

Daga Leeds jirgin ƙasa yana kai ku cikin kamar minti 15, kuma tashar Saltaire tana jikin masaƙar, ba sai an nemi tasi ba. A 'yan shekarun nan ana rufe wurin Litinin da Talata, don haka ki duba shafinsu kafin ku fita. Laraba ko Alhamis da hantsi ya fi wa dattijuwa, Asabar akwai cika. Akwai lif, amma daɓen dutse ne kuma zaurukan dogaye, a sa takalmi mara tsini. Idan lokacin sanyi ne ku yi alwala daga gida, ku riƙe darduma, domin a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk za su same ku a waje. Batun abinci, kada ki ɗauka naman da ke gidan abincin ciki na halal ne. Ki tambaya, ko ku tsaya a kifi da shayi, ku adana yunwar sai Bradford, mintuna kaɗan a jirgi, inda gidajen abincin halal suka fi ƙarfin lissafi.

Ki ware fam 30 ko 40. Littafin hotunan ƙauyen, ko kofi ɗaya mai kyau wanda Hajiya za ta ce nata ne ita kaɗai, ya isa.

Anti, ni ɗalibi ne a Bradford, ina gab da gamawa. Ina so in saya wa kaina abu ɗaya da zai tuna mini zamana a Yorkshire. Na je Salts Mill na rasa zaɓi tsakanin hoton zanen Hockney da bargon ulu. Kuɗin abu ɗaya gare ni.

Ƙanena, tambayar farko ita ce ina za ka koma da zama. Idan Jos ne ko tsaunin Mambila, bargon zai yi aiki wata da watanni. Idan Sakkwato ne ko Maiduguri, zai fito a hunturu na 'yan makonni, sauran shekara yana cikin akwati kana yaƙi da asu da gara.

In ka tsaya a kan bargon, karanta ɗan ƙyallen da ke jikinsa. Sayen abu a cikin tsohuwar masaƙa bai nuna a Yorkshire aka saƙa shi ba. Ka duba ƙasar da aka rubuta, ka duba ko ulu ne zalla ko an gauraya shi da zaren roba. Har yanzu akwai masu saƙa a yankin, kamar Abraham Moon a Guiseley, wanda ke aiki tun 1837, da Hainsworth a Pudsey, tun 1783. Bargon da ke ɗauke da irin waɗannan sunaye shi ne ainihin abin da kake nema, a ko'ina ka same shi.

Ni dai hoton zan zaɓa, amma ka san abin da kake saye. Fosta ce aka buga da yawa, ba zanen hannu ba, kuma ba jari ba ce da za ta yi tsada nan gaba. Ka saye ta don tana burge ka. Kada ka karɓa da firam da gilashi, ka ce a naɗe maka a kwalin nan mai kama da gora, in ka isa gida kafinta ya yi maka firam a kuɗi kaɗan. Idan ba ka rataye hoton mai rai a ɗaki, ba ka rasa zaɓi ba: Hockney ya zana itatuwa da hanyoyi da gonakin gabashin Yorkshire da yawa, wasunsu a kan iPad ya yi su, kuma ya zana masaƙar kanta da rufin gidajen ƙauyen. Masu zuwa da yara kuma su riƙa yin gaba da ido, domin a cikin ayyukansa akwai na mutane babu sutura sosai, kuma abin da aka rataye yana canjawa.

Na zo Ingila yawon buɗe ido. Idan na yi sayayya a irin waɗannan shaguna, za a mayar mini da haraji a filin jirgi? In kuma na canja ra'ayi, zan iya mayar da kaya?

Malam, batun haraji a filin jirgi ya wuce. Tun 1 ga Janairu 2021 gwamnatin Birtaniya ta soke mayar wa baƙi harajin VAT a Ingila da Scotland da Wales. Kashi 20 cikin ɗari ɗin yana cikin farashin da ka gani, kuma ya tafi. Littattafai dama babu wannan haraji a kansu, shi ya sa su ne sayayya mafi adalci a wurin.

Mayar da kaya kuwa, in abin yana da aibi, dokar kare masu saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. In lafiyarsa ƙalau, kai ne kawai ka fasa, doka ba ta tilasta wa mai shago ya karɓa ba, sai abin da ƙa'idar shagonsa ta ce. Salts Mill ba shago ɗaya ba ne, akwai masu haya daban-daban, kowa da tsarinsa. Ka tambaya kafin ka miƙa kati, ka riƙe rasit.

Anti, mahaifina ya yi aikin masaƙa a Kakuri, Kaduna, har aka rufe. Yanzu ya zo wurina a Manchester jinya, ya samu sauƙi, kuma rana ɗaya kawai ƙarfinsa zai ɗauka na fita. Na yi niyyar kai shi Salts Mill. Ya dace?

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ka fara tambayarsa me yake son gani, domin mutumin da ya yi rayuwa a gaban inji yakan so ya ji ƙarar injin, kuma a Salts Mill ba zai ji ta ba. Akwai sashen tarihin masaƙar a sama, da hotuna da 'yan kayan aiki, amma zaurukan da aka yi saƙa a cikinsu yanzu ƙamshin fure da gahawa suke yi. Wani tsohon ma'aikaci zai ji daɗin cewa ginin bai rushe ba. Wani kuwa zai tuna gine-ginen Kakuri da ciyawa ta cinye, da abokan aikin da suka rasu suna jiran haƙƙinsu, ranar ta ɓaci masa. Kai ka san halin mahaifinka.

In inji yake so, Quarry Bank da ke Styal ya fi kusa da ku, kudu da Manchester kaɗan. Samuel Greg ya gina ta a 1784, masaƙar auduga ce, kuma ana tayar da injunan kaɗi da saƙa a gaban baƙi. Ana biyan kuɗin shiga. Auduga ce sana'ar Baba, ba ulu ba, don haka a can zai gane kowane mataki, mai yiwuwa ma ya gyara wa mai bayani. Alaƙar kuma ta fi haka: masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957 an kafa ta ne tare da kamfanin David Whitehead and Sons na Lancashire, yankin da ya yi suna da auduga a arewa da Manchester. In kun fi son ɓangaren Bradford, gidan tarihin masana'antu da ke Moorside Mills yana da injunan ulu, kuma shiga kyauta ne.

Idan duk da haka Saltaire kuka zaɓa, ka ba shi labarin duka, har da ɓangaren da ba a cika bugawa a jikin katin tsaraba ba. Gidajen nan masu kyau na haya ne, kuma mai gidan shi ne mai biyan albashi, saboda haka ɗaga murya a wurin aiki yana da tsada. Yara ma sun yi aiki a masaƙar, rabin yini a gaban inji, rabi a aji, kamar yadda dokar zamanin ta yarda. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, baƙi daga Poland da Ukraine da Italiya, sannan daga Pakistan, su suka riƙe masaƙun Bradford, musamman aikin dare, har lokacin da yadin waje mai araha ya durƙusar da su. Wannan ƙarshen labarin Baba ya san shi ba sai an fassara masa ba.

Ko ina kuka nufa, ka kira wurin tun da wuri ka tambayi ranar da ake tayar da injuna da kuma ko suna ba da aron keken guragu, sannan ka sayi tikitin jirgi na bayan cunkoson safe, ya fi araha kuma Baba zai samu wurin zama.