Amsar tambayarka kan sudo da allon Arduino

Yarona, na ga saƙonka, wai manhajar Arduino ta ƙi ganin allon, ƙaramin allon lantarkin nan da ake tsara wa aiki, sai da ka buɗe ta da sudo, kana tambaya me zai hana ka riƙa yin haka kullum tunda yana aiki. Yana aiki kam, amma ba a shagona ba. Duk manhajar da ka buɗe da sudo ka ba ta ikon root kenan, wato mai iko da injin gaba ɗaya, diski, fayilolin kwastoma, komai a hannunta yake, kamar ka damƙa wa ɗan aike makullan shago gaba ɗaya alhali durowa ɗaya ka ce ya buɗe.

A Linux na'urar da ka jona fitowa take kamar fayil a cikin /dev. Allonka mai CH340 ne, wato guntun da ke haɗa shi da USB, irin waɗanda suka cika kasuwar Banex ta Abuja, zai fito a /dev/ttyUSB0. Buga ls -l a kansa za ka ga root ne mai shi, rukuninsa kuma dialout in Ubuntu ne ko Debian. Sai ka shigar da kanka rukunin da sudo usermod -aG dialout sunanka, ka fita ka sake shiga, shikenan. Don Allah kar ka yar da -a ɗin nan, in ka manta shi zai cire ka daga sauran rukunonin har da na sudo ɗin. Shi kuwa chmod 777 da yara ke yi wahalar banza ce, ka buɗe wa kowa ƙofa kuma kana zare kebul ka mayar za a sake ƙirƙirar fayil ɗin, udev, mai kula da izinin na'urori, ya mayar masa da izininsa na asali.

In na'urar ba ta da rukuni irin na dialout, duba lambarta da lsusb, ta CH340 ita ce 1a86:7523, ka rubuta mata doka a /etc/udev/rules.d/ ita kaɗai. Rukunin disk kuwa kar ka saka kowa, wanda ya samu wannan ya samu root ne a fakaice.

To inda abin ke da haɗari na gaske shi ne katin PCIe, wanda ake sokawa cikin injin kai tsaye, na girafik ko na netwok. Waɗannan suna yin DMA, wato katin da kansa yake rubutu cikin RAM ba sai ya bi ta CPU ba, saboda haka manhajar da ka sakar wa katin tana iya umartarsa ya rubuta a ko'ina har cikin kernel, wato zuciyar Linux ɗin, izinin fayil ba zai tare shi ba ko kaɗan. Abin da ke tare shi IOMMU ne, Intel na kiran nasu VT-d, AMD kuma AMD-Vi, shi ke tsayawa tsakanin katin da RAM ya hana shi taɓa inda ba a ware masa ba. A kansa aka gina VFIO, tsarin miƙa na'ura ga manhaja kai tsaye, da ya shiga Linux 3.6 a 2012, da shi manhajar QEMU ke miƙa kati sukutum ga VM, wato kwamfutar kwaikwayo da ke gudana cikin injin, ba tare da an jefa injin a haɗari ba. Amma na'urorin da ke rukunin IOMMU ɗaya tare suke tafiya, ba ka raba su.

Injin kwastoman nan na Wuse 2 mai son ba wa Windows katin girafik a VM, gobe in Allah ya kai mu ka shiga BIOS ka kunna VT-d, ka duba /sys/kernel/iommu_groups ka turo min abin da ka gani kafin ka taɓa komai.