Amsa: Daga majalisar jiha zuwa kujerar alƙali ta hanyar zaɓe

Malam, ka tambaya ko ɗan majalisar jiha zai iya zama alƙali ta hanyar ƙuri'a. A Amurka ana yi, amma ya danganta da jiha.

Dubi Sandra Day O'Connor. Ta shiga majalisar dattawan jihar Arizona a 1969, har ta zama shugabar masu rinjaye. A 1974 ta tsaya takarar alƙalanci a babbar kotun gundumar Maricopa, ta ci. A 1979 gwamna Bruce Babbitt ya ɗaga ta zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta jihar, sannan a 1981 Shugaba Reagan ya kai ta Kotun Ƙolin Amurka. Abin mamaki, bayan ta yi ritaya a 2006 ita ce ta riƙa sukar zaɓen alƙalai, saboda kuɗin kamfe na iya janyo son kai.

Inda mutane ke kuskure: ba kujerar majalisa ta ba ta cancanta ba, lauya ce tun asali. Alƙalan tarayya kuma naɗa su ake yi. A Najeriya ma haka, gwamna ke naɗa alƙalan manyan kotunan jiha bisa shawarar NJC, wato Majalisar Shari'a ta Ƙasa.

In takara kake nufi, nemi lauyan da ya san dokar zaɓen jihar tun kafin ka sayi fom.