Sukuta ta farko: sai na shiga kwas kafin in hau titi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na tara kuɗi ina so in sayi babur ƙirar sukuta don zuwa wurin aiki, kuma ban taɓa mallakar babur ba. Na iya keke tun ina yaro, ina kuma tuƙa mota. Abokina ya ce sukuta ba giya ba kuloci, a yini ɗaya zai koya mini, kwas ɗin kiyaye haɗari asarar kuɗi ne kawai. Yana da gaskiya? Sannan wane girman inji ya dace da ni, kuma sabuwa zan saya ko ta hannu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, a yini ɗaya za ka iya tayar da sukuta ka zagaya unguwa. Injinta na juya tayar baya ne ta hanyar bel, ita ke sauya wa kanta giya, kai naka murɗa totur kawai. Sauƙin nan ne ke ruɗin sabon shiga. Mai babur ɗin giya yana shafe kwanaki inji na mutu masa, dole ya yi haƙuri a fili kafin ya fita. Mai sukuta kuwa tun ranar farko yana tsakiyar motoci, bai taɓa gwada tsayawar gaggawa ko sau ɗaya ba. Shawarata ka yi kwas, kuma ka yi shi kafin ka biya kuɗin babur.

Birki shi ne babban dalili. A yawancin sukuta duka biyun a hannu suke: dama na tayar gaba, hagu na tayar baya. Sabon mahayi yana tsoron na gaba don an ce masa zai kifar da shi, sai ya dogara da na baya. Alhali da zarar ka kama birki nauyi yana komawa gaba, tayar baya ta yi sakayau, in ka matsa mata ta kulle ta riƙa jan ƙasa tana kaɗa gindin babur. Tayar gaba ce ke da riƙo a wannan lokacin. Amma in ka damƙe na gaban lokaci guda, musamman kan babur yana karkace ko akwai yashi a kwalta, kafin ka ankara kana ƙasa. Ana kama su tare ne, a fara a hankali, a ƙara matsawa yayin da nauyi ke sauka gaba, duk cikin ƙiftawar ido. Karatu ba ya sa hannu ya iya wannan, sai an maimaita a fili wani na tsaye yana ce maka "ka yi fisga, sake". Ka lissafa: a gudun kilomita 50 a awa, kana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, tun kafin yatsanka ya taɓa birki.

Sai kwana. Da gudu ya ɗan ɗaga, babur ba ya juyawa kamar sitiyarin mota. In kana son zuwa dama, hannun dama kake ɗan turawa gaba, babur ya kwanta dama ya bi. Kana yin haka a keke ba tare da ka sani ba, amma ranar da ƙofar mota ta buɗe a gabanka, wanda ya san abin da hannunsa ke yi shi ke kaucewa. Haka ido: inda ka kafa shi can babur zai nufa. Ka zuba wa rami ido, cikinsa za ka faɗa.

Tuƙin motarka zai taimaka wajen sanin doka da karanta titi, amma ya saba maka da cewa ana ganinka. A binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Amurka, wanda aka fitar a 1981 bayan bin diddigin haɗarin babur 900 a yankin Los Angeles, kusan uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a yawancinsu direban ne ya shiga hanyar mai babur, sau da yawa a mahaɗar titi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mahayan da abin ya rutsa da su, da kansu suka koya ko wajen 'yan'uwa da abokai. Binciken ya tsufa, kuma takardar shaidar kwas ba laya ba ce. Sai dai aboki abin da ya iya yake koyarwa, har da munanan ɗabi'unsa, kuma da wuya ya ba ka babur ɗinsa ka yi ta gwada birkin gaggawa a kai.

A wasu ƙasashen ma ba zaɓi ba ne. A Birtaniya tun 1990 sai sabon mahayi ya yi horon farko na dole kafin ya hau titi, kuma shaidar shekara biyu take yi. Ka bincika abin da dokar inda kake ta ce game da lasisi da inshora, don lasisin mota ba ko'ina yake ba da izinin tuƙa babur ba. Galibin wuraren horo su ke ba da babur, ka ga in za a faɗi, nasu ne zai ƙuje. Ka tambaye su tun farko ko suna da sukuta, domin da ita ya kamata ka koya.

Game da inji, 50cc tana da sauƙin riƙewa, amma a ƙasashe da yawa gudunta bai wuce kilomita 45 a awa ba, motoci za su yi ta matse ka gefen titi. Ga mai zuwa aiki a cikin gari ni 125cc nake zaɓa. Ka hau ka ga ƙafafunka na taɓa ƙasa sosai, ka gwada ɗora ta kan jak ɗin tsakiya da kanka. Ka duba taya ma: mai inci 10 tana shan wuya a rami, mai inci 14 ko 16 ta fi natsuwa. In ka samu mai ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa, ta cancanci ƙarin kuɗin.

Hular kwano kuma cikin kasafin sayen babur za ka lissafa ta, ba abin da za a saya "in an samu sarari" ba. Nazarce-nazarce sun nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40, raunin kai da kusan kashi 70. Ka nemi mai rufe haɓa, mai tambarin ECE ko DOT (shaidar ingancin hula ta Turai ko ta Amurka), sabuwa, wadda ta kama kanka ba ta rawa, kuma ka ɗaure igiyar. Ka haɗa da safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu, don tafin hannu ne ke fara isa kwalta.

Sukuta ta hannu mai lafiya ta fi dacewa da babur na farko, tunda ko a tsaye sai ta taɓa kuɓuce maka. Ka je da bakanike, ku tarar da injin a sanyaye ku tayar da kanku. Ku tambayi yaushe aka sauya bel, ku duba ƙasan inji ko baƙin mai na ɗiga, ku leƙa ƙarshen hannayen birki da robar gefe, nan ne tabon faɗuwa ke fitowa. Lambar shasi da ta inji su yi daidai da na takardu. In mai sayarwa ya ce zai kawo takardun daga baya, kai ma ka kawo kuɗin daga baya.