Gilashin Tace Haske a Aikin Duba Jini

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa hoton jinin da ka ɗauka ya fito da ruwan ɗorawa, da kuma ko koren gilashin da ke cikin akwatin maikiroskof, wato na'urar duba ƙananan abubuwa, zai gyara shi. Ba zai gyara ba. Kafin ka ɗauki kowane gilashi, sai ka san abin da kake nema a jinin, launi ne ko siffa.

Idan an rina jinin da rinin Giemsa ko na Leishman, launi shi ne shaidarka, domin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ɗan jan ɗigonta da shuɗin jikinta ake gane ta. Ƙwan halojin da ke fitilar maikiroskof yana ba da haske mai kimanin digiri 3200 a ma'aunin Kelvin na launin haske, wanda ya karkata zuwa rawaya, shi ya sa ake ɗora shuɗin gilashi mai haske a bakin fitila don ya kai shi kusa da 5500, wato hasken rana. In hasken ya yi maka yawa, kada ka rage wutar ƙwan, domin hakan ja zai ƙara masa. Ka sa gilashi mai ruwan toka, wanda ke rage ƙarfi ba tare da taɓa launi ba. Fitilar LED kuwa yawanci ba ta buƙatar shuɗin, sai dai ka saita abin da kyamara za ta ɗauka a matsayin fari a inda babu jini a kan gilashin da aka shafa jinin.

Kore aikinsa daban ne. Gilashi yakan duhunta abin da ke shanye launinsa, kuma sinadarin da ke sa jini ja yana shanye haske sosai wajen nanomita 415 (ma'aunin tsawon zangon haske), sannan wajen 540, wanda ke yankin kore, da 577. Saboda haka a ƙarƙashin kore jajayen ƙwayoyi kan fito da duhu, gefensu tsaf, ko da ba a rina su ba, ga shi kuma a kore ne ruwan tabarau na gama-gari na maikiroskof ya fi kaifi. Wannan ya dace da ƙirge da awo a hoto baƙi da fari, amma ban yarda a nemi ƙwayar cuta da shi ba, tunda jan ɗigon da shuɗin jikin duk duhu za su koma.

In ka yi duk wannan amma ƙwayoyin suka fito shuɗi ko ja fiye da kima, to daga rini ne. Ka auna ruwan da ka haɗa Giemsa da shi, domin a aikin zazzaɓi pH 7.2 ake so, wato a ma'aunin tsamin ruwa.